Ciwon hannu na kai asibiti, likita ya ɓuge da murɗa min wuya

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah ma'aikatan lafiya da ke zauren nan ku warware min wani abu, tun jiya raina a ɓace yake. Wata na huɗu ke nan dantsena na dama yana ciwo, ta gefen waje, kamar faɗin tafi ɗaya ƙasa da kan kafaɗa. Da rana da sauƙi, amma da dare in na juya na kwanta a kansa sai na farka. Na shafa man zafi har fatar wurin ta soma saɓa. Jiya dai na je asibiti da niyyar a yi min hoto a ga abin da ke cikin naman. Likitan ya yi ta jero tambayoyi, sannan ya ce in sunkuyar da kai, in ɗaga, in waiga dama da hagu, har ya dafa tsakiyar kaina ya danna. Ni da na kawo hannu! Daga nan ya kama hannun ya yi ta juyawa kamar mai gwada ƙofar da ta cije. Wurin da ke min ciwon ko minti ɗaya bai yi a kai ba. Ƙarshe ya ce matsalar a cikin gaɓar kafaɗa take, ya rubuta min gwajin siga da hoton ƙashi na yau da kullum, ya ce MRI, wato hoton da ke nuna cikin nama, bai taso ba tukuna. Me ya haɗa siga da hannu? Shekarata 48, ban taɓa faɗuwa a kan hannun ba. In canza likita ne?

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam. Hajiya ki canza, kada ki tsaya ɓata lokaci. Hannun mutum ba ya ganin cikin nama. Ni wata takwas ana ce min ciwon bayana gajiya ce da zaman mota, ana ta ɗura min ƙwayoyi. Sai da aka yi hoto aka ga tibi ya cinye min ƙashin baya biyu. Tun daga ranar, duk likitan da ya ce min ba sai an yi hoto ba, sai in yi masa godiya in kama gabana.

Ɗan Gola: Murɗa wuya a kan ciwon hannu? Mama ko dai layin masu ciwon wuya kika bi ba ki sani ba 😂

Anti Fiziyo: Kai Ɗan Gola ba ka da dama. Yaya, ni aikina gashin ƙashi, kuma daga yadda kika zayyana, likitan nan ya san aikinsa. Da ya danna inda kika nuna kawai ya rubuta hoto ya sallame ki, da ni ma na ce ki canza. Bari in tambaye ki. In an ce ki nuna ciwon, da yatsa ɗaya kike nunawa ko da tafi kike shafa wurin? Kuma kina iya kai hannun gadon bayanki, ko ki taje ƙeyarki da shi?

Maman Biyu: Da tafi nake shafawa, don ba shi da takamaiman wuri, kamar a can cikin ƙashi yake. Kai hannu baya kam ya gagara, zip ɗin riga sai 'yata ta ja min. Shekaranjiya na miƙa hannu kujerar baya a mota zan ɗauko jaka, wallahi sai da numfashina ya ɗauke, hawaye suka zubo.

Likitan Ƙashi: Hajiya sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Ban duba ki ba, don haka ba zan yanke hukunci daga nan ba. Amma zan iya fassara miki abin da abokin aikina ya yi, domin babu motsin da ya sa ki a banza.

Inda mutum ke jin ciwo da inda ciwon yake ba kullum suke haɗuwa ba. Fata ta iya kwatance: in sauro ya cije ki cikin duhu, yatsanki kai tsaye zai sauka a wurin. Abubuwan da ke can ciki kuwa, tsoka da gaɓa da tantanin da ya naɗe gaɓar, saƙonsu a dunƙule yake isa ƙwaƙwalwa, kuma hanya ɗaya yake bi da saƙon fatar wani yanki, sai ƙwaƙwalwa ta ɗora ciwon a wannan yankin. Gaɓar kafaɗa da fatar gefen dantse, jijiyar laka ɗaya ce ta fi ɗaukar saƙonsu, daga wuya take fitowa, muna kiranta C5. Shi ya sa mai ciwon gaɓar kafaɗa dantse yake shafawa. Wani likita a Landan, Jonas Kellgren, ya nuna haka tun 1938. Ya riƙa yi wa kansa da masu sa kai allurar ruwan gishiri mai ƙarfi a cikin tsoka, yana zana inda aka ji zogin, sai ga shi sau da yawa nesa da bakin allurar ake ji.

Tunda jijiyar daga wuya take, dole ya fara da wuyan. In faifan da ke tsakanin ƙasusuwan wuya ya danne ta, dantse zai yi ciwo alhali kafaɗar lafiya lau. Dannawar da ya yi miki a ka, kina karkace, ita ce gwajin Spurling: ana ƙara matse ƙofar da jijiyar ke fita, a ga ko ciwon zai harba cikin hannu. Mai wannan matsalar yakan ce yana jin minjirya har yatsu, kuma yatsan ma yana da magana. Kowane yatsa da jijiyarsa daga wuya: babban yatsa C6, na tsakiya C7, ƙaramin C8. Da ya danna, ciwon ya sauko hannun?

Maman Biyu: A'a Dakta, ban ji komai ba sai haushi. Minjirya ma ba na ji.

Likitan Ƙashi: To kin ga ya rage zargin wuya a cikin minti ɗaya. Saura kafaɗar. Nan akwai tsarin da wani likitan Ingila, James Cyriax, ya shimfiɗa a littafinsa na 1947, har yau kusan kowa a kansa yake gini. Motsi uku ne. Na farko ki ɗaga hannun da kanki, nan komai yana aiki, tsoka da gaɓa. Na biyu ki saki jiki likita ya ɗaga miki, nan tsoka tana hutu, gaɓar ce kaɗai da tantaninta ake gwadawa. Na uku ki tura shi ya tare, hannun bai motsa ba, nan kuma tsoka da jijiyarta ne ke shan aiki, gaɓar tana tsaye.

In mutum ya kasa ɗagawa da kansa amma likita ya ɗaga masa hannun ya tafi har sama, sai a zargi tsoka, ko jijiyarta, ko jijiyar lakar da ke ba ta umarni. In kuwa shi ya kasa, likita ma ya kasa, hannun ya tsaya cak kamar an sa masa waigi, to gaɓar ce ta ƙage. Kwatancenki na ƙofar da ta cije ya yi daidai fiye da yadda kike zato.

Anti Fiziyo: Yaya ki gwada wannan yanzu. Ki kwanta rigingine, ki manne gwiwar hannu biyu a haƙarƙari, ki lanƙwasa su yatsu na kallon sama. Sai 'yarki ta kama wuyan hannun ta buɗe shi a hankali zuwa waje, gwiwar hannun ba ta bar jiki ba. Ta fara da mai lafiyar. Ban da ƙarfi don Allah, da ya tsaya ta tsaya.

Maman Biyu: Ikon Allah. Na hagu ya buɗe har ya kusa taɓa katifa. Na dama ko kwata bai yi ba ya tsaya, ta ce kamar ta tura bango. Haka likitan ya yi min jiya, har ya maimaita sau biyu yana gyaɗa kai.

Likitan Ƙashi: Wannan motsin shi ya ba shi amsa. In buɗe hannu waje ya ƙi ko da wani ne ke buɗewa, abubuwan da ake tunani ba su da yawa. Mafi yawa a shekarunki shi ne ƙagewar kafaɗa, inda tantanin gaɓar ke kumbura ya yi kauri ya tsuke. Ta fi kama 'yan 40 zuwa 60, mata sun fi, kuma takan zo ba faɗuwa ba komai. Amma amosanin gaɓa da ya cinye guringuntsi yana ba da irin wannan hoton, haka kafaɗar da ta goce ta baya ta maƙale ba a gane ba, da ƙari a ƙashi, duk da shi ba kasafai ba. Waɗannan ukun hoton ƙashi na yau da kullum yana nuna su. Kin ga dalilin hoton da ya rubuta. Gwajin siga kuma saboda ƙagewar kafaɗa ta fi yawa sosai ga masu ciwon siga, kuma akwai waɗanda ta kafaɗar ake fara gano sigan nasu. Wasu likitocin har maƙoƙo suke dubawa.

Tsohon Direba: Dakta duk na ji, kuma bayanin ya yi daɗi. Amma ni ma bayani mai daɗi aka yi ta yi min wata takwas. Me zai rage ku in kun yi hoton tun farko kowa ya huta? Na'ura ba ta gajiya, ba ta sauri don layi ya yi tsawo.

Likitan Ƙashi: Baba, abin da ya same ka ba ƙarami ba ne, kuma ba zan kare wanda ya yi sakaci ba. Amma in tambaye ka: a watannin nan takwas, ka rame? Kana zufa da dare? Ciwon yana lafawa in ka kwanta? Kuma akwai wanda ya taɓa cewa ka tuɓe riga, ya bi ƙashin bayan da yatsa yana ƙwanƙwasawa?

Tsohon Direba: Ramewa kam har wando ya daina zama. Zufa kuma sai na canza riga cikin dare. Kwanciya ba ta rage komai. Maganar tuɓe riga, babu wanda ya taɓa cewa in tuɓe sai na ƙarshen, shi ne ma ya tura ni hoton. Yana dannawa na yi tsalle.

Likitan Ƙashi: To Baba ai kai ba a duba ka ba ne sam, sai ranar. Wanda ya tura ka hoto, tambaya da yatsa ne suka gaya masa ya tura, har suka gaya masa daidai ƙashin da za a ɗauka. Ciwon tsoka da gaɓa na gama-gari yana da ɗabi'a: motsi kaza ya tayar da shi, hutu ya kwantar da shi. Duk ciwon da ba ruwansa da motsi, yana nan ko ana kwance, ga rama ga zazzaɓi ko zufar dare, ya fita daga wannan sahun, hoto da gwajin jini sun wajaba. Haka gaɓar da ta kumbura ta yi zafi jau, mutum na zazzaɓi ya ƙi yarda a taɓa, wannan ranar za a je asibiti, don ƙwayar cuta na iya lalata guringuntsi cikin kwanaki. Haka mai ciwon baya da fitsari ya riƙe masa ko yake zuba bai sani ba, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu. Haka sha-raɓar ƙafa ɗaya da ta kumbura haka kawai, don yana iya zama gudan jini. Wanda ya taɓa yin ciwon daji kuma sabon ciwon ƙashi ya taso masa, ba a ce masa gajiya ce.

Kafaɗar ma tana da nata. In likita ya juya ta ko'ina lafiya lau amma mutum na kukan ciwo, sai ya ɗaga ido daga kafaɗar. Zuciya na aiko da ciwo kafaɗa da hannun hagu, musamman in tafiya ko hawan bene ke tayar da shi. Maɗaciya na aikowa ta dama, wajen allon kafaɗa. Jinin da ya taru ƙarƙashin tantanin numfashi, kamar in saifa ta fashe bayan haɗari, a kan kafaɗa ake jinsa. MRI na kafaɗa ba zai ga ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ɗaliba: Dakta in ƙara wani abu da aka koya mana, a gyara min in na yi kuskure. A 1994 an buga wani bincike a Amurka, aka sa mutum 98 da ba sa ciwon baya ko kaɗan a na'urar MRI. Kashi 52 cikin ɗari an ga faifan bayansu ya bultso aƙalla a wuri ɗaya, kashi 27 ya turo sosai, kashi 36 ne kacal aka samu duk fayafayansu lafiya. Wato in aka ɗauki mai lafiya aka yi masa hoto, an fi sa ran a ga wani abu.

Anti Fiziyo: Haka yake ƙanwata, kuma ni nake ganin ɓarnar. Mutum zai shigo min da takardar sakamako a hannu yana rawar jiki, an rubuta faifai ya zaizaye, jijiya ta ɗan yage, ya daina sunkuyawa, ya daina ɗaukar ɗansa. In na duba sai in ga abin da aka rubuta a hagu yake, ciwonsa a dama. Furfurar ciki ce kawai, kowa na yi in shekaru sun ja. Kafaɗa ma haka, tsofaffi da yawa suna yawo da yagaggiyar jijiya ba su taɓa jin komai ba. Cire wa mutum tsoron takardar nan ya fi gashin wahala.

Tsohon Direba: Furfurar ciki. To. Ni dai tawa ba furfura ba ce.

Anti Fiziyo: Ba ita ba ce Baba, shi ya sa ta zo da rama da zufa.

[An goge wannan saƙon]

Admin: An goge tallan maganin "sanyin ƙashi kowane iri". Wanda ya sake, waje. A ci gaba.

Ɗaliba: Tambayata ga Dakta da Anti. Muna ta haddar gwaje-gwajen kafaɗa masu sunayen mutane, Neer, Hawkins, Jobe, da batun ciwon da ke tasowa tsakanin digiri 60 zuwa 120 in ana ɗaga hannu ta gefe. Da gaske suna nuna takamaiman jijiyar da ta samu matsala?

Anti Fiziyo: Nan ne zan ɗan saɓa da Dakta. Ni ban yarda suna nunawa yadda littafi ke faɗa ba. Tsokoki huɗu ne suka lulluɓe kan gaɓar, jijiyoyinsu a haɗe suke kamar saƙa, ga 'yar jakar ruwa kwance a kansu. Ba yadda za a yi ka matsa ɗaya sauran su zauna lafiya. Hawkins kusan duk kafaɗar da ke fushi zai tayar mata. Tsarin Cyriax ma yana ɗauka cewa za a iya ware tsoka daga gaɓa tsaf, jiki kuwa bai san wannan rabon ba. Ni abin da nake iya rantsuwa a kai bayan dubawa shi ne: wuya ne ko kafaɗa, ta ƙage ko ba ta ƙage ba, akwai rauni na gaske ko ciwo ne ya hana ƙarfi, tana gocewa ko a'a. Abin da ya wuce nan hasashe ne, kuma sau da yawa ba ya canza maganin.

Likitan Ƙashi: Ban ƙi ba Anti, gwaji ɗaya shi kaɗai ba hujja ba ne. Amma kada Ɗaliba ta ji haka ta watsar. In uku ko huɗu suka taru suka nuna wuri ɗaya, ga labarin mara lafiya ya dace, to ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Kuma akwai inda sunan jijiyar ke da muhimmanci. Mutum ya faɗi a kan hannu jiya, yau ya kasa ɗaga shi, na ɗaga masa na saki ya faɗo kamar tsumma, wannan ina so in san wace ce ta tsinke kuma yaya girman yagewar, don ɗinki da wuri ya fi. Shi zan tura hoto ba ɓata lokaci. Wani lokaci ma allurar kashe zafi ce gwajin: a zuba ta ƙarƙashin rufin kafaɗa, in ciwon ya ɗauke ƙarfi ya dawo, da ma ciwo ne ya hana, in ciwon ya tafi hannun bai tashi ba, akwai abin da ya tsinke.

Anti Fiziyo: A kan wanda ya faɗi, ba mu da saɓani. A kan mai ciwon wata shida ba faɗuwa ne nake cewa mu rage cika baki.

Likitan Ƙashi: Na karɓi rabi.

Wani abu kuma da ke rikita hira da marasa lafiya: kalmar jijiya. Mu abu huɗu muke kira da ita. Ta jini, ta laka mai kai saƙo, wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi irin agara, da wadda ke ɗaure ƙashi da ƙashi, wadda ke ciwo in an yi targaɗe. Mutum zai ce an ce masa ciwon jijiya ne, ya tafi yana tsoron shanyewar jiki, alhali ta ukun ake nufi. Duk wanda aka ce masa haka, ya tambaya wacce. Yanayin ciwon ma ya bambanta. Ta laka raɗaɗi take kamar wuta ko lantarki, tana bin layi, da minjirya. Ta tsoka sai an sa ta aiki take magana. Gaɓa mai amosanin tsufa takan sage da safe ta warware kafin rabin awa, in sagewar ta wuce awa ɗaya, gaɓoɓi da yawa dama da hagu, sai mu nemi amosanin da garkuwar jiki ke haddasawa.

Uwar Jariri: To ni nawa da yatsa ɗaya nake nunawa, gefen wuyan hannu ta gindin babban yatsa. Duk sanda zan ɗaga yaron sai ya soke ni. Shi ma daga wuya yake?

Anti Fiziyo: Barka da arziki. Da wuya ya zama wuya 😄 Abin da ke kusa da fata, kuma can nesa da gangar jiki, ba ya ɓoye kansa kamar kafaɗa da ƙugu. Ki naɗe babban yatsa cikin tafi, ki rufe da sauran, ki karkata hannun a hankali wajen ƙaramin yatsa. In ya soke ki daidai wurin fiye da ɗaya hannun, to alama ce ta jijiyoyi biyu na babban yatsa da ke gogar kubensu. Wani likitan Suwizalan, de Quervain, ya bayyana shi a 1895, kuma masu jego yake yawan kamawa saboda yadda ake zura hannu a hammatar yaro yatsa a buɗe. Ki riƙa tallafo shi ta ƙasa da tafi, ki nemi a duba a ba ki abin ɗaure yatsan.

Ɗan Gola: To tunda abin ya zama haka bari in daina wasa. Sati uku da suka wuce na diro daga tsalle, gwiwa ta juya, na ji ƙas. Kafin a tashi wasan ta kumbura tim. Yanzu kumburin ya sauka amma in na juya da sauri sai ta nemi zubar da ni.

Likitan Ƙashi: Ɗana, ka ajiye safar hannu tukuna. Ƙarar da ka ji, da kumburin da ya zo cikin awa ɗaya ko biyu, wanda yawanci jini ne, da gwiwar da ke zubar da kai, labari ne da ke sa a fara zargin jijiyar gaba da ke gicciye a tsakiyar gwiwa. Yagewar guringuntsin da ke shimfiɗe tsakanin ƙasusuwan takan kumbura a hankali, zuwa washegari, ta riƙa maƙalewa. Likita zai kwantar da kai, ya lanƙwasa gwiwar kamar digiri 20 zuwa 30, ya riƙe cinya ya jawo ƙwauri gaba, gwajin Lachman ke nan. A mai lafiya zai ji ta tsaya ƙam kamar igiyar da ta miƙe, a tsinkakkiya sai ta tafi luɓus. Kai kam MRI zai yi maka amfani, don akwai tambayar da ake so ya amsa.

Tsohon Direba: Alhamdulillahi, yau dai an tura wani hoto.

Malam Shiru: Ban saba magana a nan ba, amma maganar Dakta ta farko ta tsaya min. Ɗana shekararsa 12, yana da jiki. Wata biyu yana ɗingishi yana kukan gwiwar hagu. An yi hoton gwiwar sau biyu ba a ga komai ba, aka ce girma ne. Na lura in yana tafiya ƙafar tana kallon waje.

Likitan Ƙashi: Malam, wannan kada a kwana biyu a kai. Yaro mai ɗingishi da ciwon gwiwa, gwiwar kuma lafiya, ƙugunsa ake dubawa, domin jijiyar laka da ke hidimar gaɓar ƙugu tana kaiwa har cikin cinya da gwiwa. A shekarunsa da jikinsa, da ƙafar da ke juyawa waje, abin da nake tsoro shi ne kan ƙashin cinya ya soma zamewa daga inda yake girma. In an kwantar da shi aka naɗe cinyar zuwa ƙirjinsa, za a ga ƙafar tana buɗewa waje da kanta, juya ta ciki kuma ya ƙi. Ka hana shi taka ƙafar, ban da ƙwallo ban da tafiya makaranta, ka kai shi inda akwai likitan ƙashi gobe, ka ce a duba ƙugu, a ɗauki hoton ƙugu biyun ta gaba da ta gefe. In ya zame gaba ɗaya aikin ya fi wuya. In yana da sikila ma ka faɗa musu, don ita ma tana taɓa kan ƙashin. Ina fata ba shi ba ne.

Malam Shiru: Ba shi da sikila. Na gode Dakta, da asuba za mu fita in sha Allah.

Maman Biyu: Allah ya ba yaro lafiya. Ni ma na dawo da rahoto. Hoton ƙashi an ce ba komai. Siga kuma ya hau, za a maimaita gobe da safe kafin in ci komai, da wani gwajin da ke nuna na wata uku. Ni da ko a mafarki ban kawo ba. Likitan ya ce kafaɗar za ta saki amma sai na yi haƙuri, tana iya ɗaukar shekara ɗaya zuwa uku, ya yi maganar allura a cikin gaɓar in an ga yadda sigan yake. Na kasa haɗa ido da shi don kunya. Anti, man zafin fa? Da ƙwayoyin da nake sha kullum tun wata uku?

Anti Fiziyo: Man ki bar fatar ta huta, da ma ba ita ta yi laifi ba. Ƙwayoyin kuma ki kai masa kwalin gobe ya gani. In irin su diclofenac ko ibuprofen ne, shan su wata uku a jere yana taɓa ciki da ƙoda, balle ga siga. Allurar da ya ambata tana ɗaga siga na 'yan kwanaki, shi ya sa yake jira. A wannan matakin mai zafi ba a fizgar hannu da ƙarfi, motsi ne a hankali iya inda ya yarda, sai zafin ya lafa a ƙara miƙewa.

Tsohon Direba: Allah ya ƙara lafiya Hajiya. Ni dai ina kan bakata, da ni ne sai na yi hoton ko don barci. Amma tunda ana rabo, dunduniyata ta dama wata biyu ke nan tana damuna. Kada wanda ya ce in murɗa wuya.

Anti Fiziyo: Wuyanka ya tsira Baba, amma bayan da aka taɓa yi wa jinya sai an tambaye shi. Takun farko in ka sauko daga gado ne ya fi zafi ya lafa in ka ɗan taka, ko raɗaɗi ne da ke sauka tun daga cinya? Kuma nuna min, yatsa ɗaya ko tafi?